Hannun da Na Datse

A gidanmu ba a yin hamma a gabana. Ba a gyangyaɗi, ba a sosa ciki, ba a tuntuɓe, domin kowa ya san wayata tana hannu, kuma kafin mutum ya rufe baki na mayar da shi hoto mai motsi na jefa a guruf ɗin dangi. Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya taɓa zamewa daga kujerar roba a wani taro, kuma har yau faɗuwa yake yi a wayoyin mutane, ya faɗi, ya koma kan kujera, ya sake faɗuwa. Shi ya laƙaba mini suna Almakashi. Da nufin zagi ya yi, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu har na liƙa sunan a jikin teburina na wurin aiki.

A wani shagon ɗaukar hoto da bidiyo nake aiki, can ɗakin baya da ba shi da taga, daga ni sai kwamfuta da wata fanka mai kukan tsiya. Masu kamara su fita su ɗauko, ni in zauna in yanka in haɗa. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke ni dominsa. Hoto mai motsi kuwa ba wanda ya sa ni, amma a nan girman kaina yake. Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna jere suna gudu a bayan juna. In ka yanko ɗan guntu, ka zubar da sautin, ka rage yawan hotunan da launukan har ya yi sauƙin da ko tsohuwar waya za ta buɗe shi, sannan ka ɗinke ƙarshensa da farkonsa ya riƙa zagayawa, to ka gama. Kowa yana iya wannan da manhajar waya. Inda ake gane gwani shi ne ɗinkin, kada ido ya kama wurin da ƙarshe ya haɗu da farko. Na sha yi wa matata wannan bayani lokacin cin abinci, har wata rana ta ce da na iya ɗinke aljihun wandona kamar yadda nake ɗinke faɗuwar Kawu, da ta huta.

Ana nan sai ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Kafinta ne shi, mutum mai manyan hannuwa, wanda in ya shafa katako yake gane inda bai yi laushi ba tun kafin ya duba. Aka sallamo shi daga asibiti da hannun a kan cinya, ba ya ɗaguwa, magana kuma sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Inna ce ke komai. Matata tana zuwa kowace safiya ta taya ta. Ni ma ina zuwa, ba zan ce ba na zuwa ba, amma zuwana na tsaye ne: in leƙa, in ce “Baba, ya jiki?”, in gyara labule don haske ya shigo daidai, in wuce aiki.

Auta, ƙanwata, ita ce ba ta nan. Tana aikin awon ƙasa a inda ake gina wata madatsar ruwa, can nesa, tafiyar da sai an kwana a hanya. Hutu sau ɗaya ake ba su a shekara. Sabis ɗin waya a wurin kuwa abin tausayi ne, sai ta hau matakalar tankin ruwa ta ɗaga wayar sama kafin saƙo ya shiga, bidiyo kuma ba a ma maganarsa. Da labarin ciwon ya same ta, ta roƙi a matso mata da hutunta, aka amince. Tun ranar da Inna ta gaya wa Baba haka ya sa aka juya kujerarsa tana kallon ƙofa.

Wata safiya ina wurin aiki matata ta turo mini bidiyo, ta rubuta a ƙasa: “Baba ya ɗaga hannu! Ka tura wa Auta.”

Na buɗe shi a kwamfuta. Ni dama ba na aiki da sauti in hoto mai motsi zan yi, lasifikar a kashe take, domin me zan yi da abin da zan zubar? Abin da na fara gani shi ne matata ba ta iya riƙe waya ba. Hoton ya karkace, taga tana bayan Baba ta cinye fuskarsa, ga gefen bokiti a ƙasa, ga Inna ta cika rabin hoton da kafaɗarta. Na yi tsaki. Hannun Baba ya tashi daga cinya a hankali, a hankali, yana rawa, ya kai daidai ƙirji, yatsun suka ɗan motsa, sannan ya koma. Ya daɗe ƙwarai kafin ya kai. Na ce a raina Auta ba za ta iya sauke wannan jibgegen abu ba ko ta kwana a kan tanki, bari in taimake ta.

Na naɗe hannun riga, na miƙe hoton ya daina karkata. Na ƙara haske a fuska, da na rage launuka kuma sai fatar Baba ta yi sumul, duhun da ke ƙasan idonsa ya ɓace. Na datse gefen dama don in fitar da bokitin, na ƙara datsewa don kafaɗar Inna ta fita, sai na ga yatsunta sun rage a ƙasan gwiwar hannun Baba, kamar wani ya manta da su a wurin. Suka ɓata mini tsari, na datse su su ma. Tashin hannun ya yi jinkiri da yawa, mutum zai zaci wayarsa ce ta maƙale, don haka na ƙara masa gudu. Na zubar da hotunan da ke tsakani don abin ya yi sauƙi, rawar hannun ta tafi tare da su. Saura ɗinki. Saukar hannun ba ta yi kyau ba, faɗuwa ce kawai, sai na yanke ta, na yi masa je-ka-ka-dawo, wato ya tafi gaba sannan ya dawo da baya ta hanyar da ya bi. Na danna.

Wallahi sai da na tashi tsaye. Ga Baba fes da shi, yana ɗaga hannu yana saukewa, yana ɗagawa yana saukewa, da ƙarfinsa, ba gajiya, kamar mai tsayar da mota a bakin titi. Ko ni da na yi ɗinkin ban ga inda yake ba. Na kira maigidanmu daga gaban shago ya zo ya gani, ya ce, “Kai, tsohon nan ya warware!” Maimakon wannan magana ta tsayar da ni, sai kaina ya ƙara kumbura. Na tura wa Auta, na kuma jefa a guruf, don bai kamata a ɓoye aiki irin wannan ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa. Gwaggo ta rubuta alhamdulillahi har layi ya cika. Wani ɗan uwanmu ya ce dama shi ya san Baba ba mai kwanciya ba ne. Wata ta ce to tunda haka ne ta fasa zuwa dubiya wannan makon, sai ta sami sarari. Kawu ya ce a gaya wa surukinsa ya tashi ya zo ya gyara masa ƙofar kicin. Ni dai ina zaune ina jiran wanda zai yabi ɗinkin, ba wanda ya yaba.

Can da rana saƙon Auta ya shigo.

“Yaya, Allah ya saka maka! Sai kallo nake ina kuka ina dariya. Hankalina ya kwanta. Akwai wata abokiyar aikina da ke neman hutu ido rufe, ɗanta ba lafiya, na bar mata nawa. Ni sai ƙarshen shekara in sha Allah, lokacin Baba ya miƙe sosai mu sha hira.”

Na karanta, na ce madalla da yarinya mai tausayi. Na amsa mata da hoton Kawu yana faɗuwa daga kujera.

Da na tashi aiki na biya gida, ina tafe ina shirya yadda zan karɓi godiya cikin tawali'u. Na tarar da Inna ta fito da katifar ɗakin Auta tana kakkaɓewa, matata tana goge tagar ɗakin. Baba yana kan kujerarsa, fuska ga ƙofa. Da na shigo ya ɗago ido da sauri, ya ga ni ne, ya mayar.

“Kai, ta ce maka wace rana za ta taso?” in ji Inna. “Na ga wayarta ba ta shiga.”

“Ai ta ɗage, Inna. Sai ƙarshen shekara.”

Inna ta tsaya da sandar kakkaɓa a hannu. “Ta ɗage? A kan me?”

“Ta ga jiki ya yi sauƙi.”

“Jikin wa?”

A nan na fara shan jinin jikina. Na ciro waya na nuna mata, domin ita Inna ba ta shiga guruf, ta ce surutunsa ya yi mata yawa. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta kalla, ta kalli Baba a kan kujera, ta sake kallon wayar.

“Wannan yaushe aka yi shi?”

“Na ɗazu ne. Na ɗan gyara shi kawai.”

“Ka ɗan gyara shi.” Ta miƙa wa matata. Matata ta kalla, ta dube ni irin duban da take yi mini in na dawo kasuwa da abin da ba a aike ni ba.

Baba ya yi wani ɗan gurnani, alamar a kawo masa. Na durƙusa gabansa na riƙe masa wayar. Ya daɗe yana kallon mutumin nan mai ɗaga hannu. Bakinsa ya motsa, na kai kunne.

“Wane ne?”

“Kai ne, Baba.”

Ya ƙara kallo. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ja, ban san ko murmushi ba ne ko wani abu. Ya sake magana, da ƙyar kalmomin suka fito.

“Ina uwarku?”

Ban gane ba da farko. Na ce ga ta nan tsaye. Ya girgiza kai, ya kai hannun hagu ya taɓa gilashin wayar, daidai ƙasan gwiwar hannun mutumin, inda ba komai sai fili.

Matata ta ciro tata wayar. “Tsaya, wai ka saurari abin da na turo maka kuwa?”

“Hoto mai motsi ba ya ɗaukar sauti,” na ce, kamar wannan amsa ce.

“Ba abin da na tambaye ka ba ke nan.”

Ta kunna na asalin, ta ƙure sautin. Ga hoton a karkace, ga bokiti, ga kafaɗar Inna. Sai na ji numfashin Baba, mai nauyi, irin na wanda ya ɗauko kaya ya hau bene. Na ji muryar Inna tana cewa, “Yawwa, daure, na riƙe ka. Ɗaga, Auta ce za ta gani.” Na ga yatsun da na datse, ashe ba manta su aka yi a wurin ba, su ne ke ɗauke da hannun, jijiyoyin bayan hannun Inna duk sun tashi. Da hannun ya kai ƙirji, Baba ya dubi wayar ya yi magana, kuma da yake matata ta matso kusa, ta fito sarai. Cewa ya yi, “Auta, ki zo.” Daga nan hannun ya faɗi kan cinya, Inna ta goge masa baki da gefen mayafinta.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake cika baki ba abin da ke wuce idona a bidiyo, an turo mini saƙon kalma uku na zubar da shi, na ajiye haske.

Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jingine sandar ta ce, “Tun safe yake tara ƙarfin da zai faɗi wannan. Bayan an gama sai da ya yi barci har azahar. To ka san yadda za ka yi.”

Kada a ce halina ya canza nan take. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne in yi wani hoton mai motsi, na gaskiya a wannan karon. Na zauna a bakin ƙofa na yanko inda hannun ya faɗi, na bar yatsun Inna, na ɗinke. Sai ga Baba yana sakin hannu, yana saki, yana saki, ba ƙarshe. Matata ta leƙo ta kafaɗata.

“Yanzu kuma so kake ya yi ta faɗuwa irin na Kawu? Sau ɗaya ya ɗaga, sau ɗaya ya faɗi. Ka tura mata yadda yake.”

“Ya yi nauyi. Ba zai sauka ba.”

“To ya yi nauyin.”

Na tura shi ɗungurungum, da bokitinsa da karkatarsa. Na kira Auta, layin yana yankewa, muryarta tana zuwa tana tafiya. Na ce, “Ki hau tanki. Akwai bidiyo. Ki ƙara sauti.” Ta ce, “Yaya, lafiya? Ai na gani, yana ta ɗaga hannu.” Na ce, “Wancan aikina ne, wannan na Baba ne,” sai layin ya mutu. Na shiga guruf na goge gwanintata, na sa na asalin, na rubuta cewa Baba yana nan yadda yake, masu niyyar dubiya kada su fasa. Wannan karon ba wanda ya cika layi da komai.

Washegari ban je aiki ba. Ina zaune kusa da Baba ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti, sai ga Kawu ya yi sallama da fara'arsa, domin shi bai ga na asalin da na sa a guruf ba. Ya shigo yana cewa, “Ina kafintan? Ƙofata tana jira!” Ya ga Baba. Fara'ar ta tsaya a fuskarsa, ya rasa inda zai ajiye ta. Ya zauna ya riƙe hannun surukinsa ya daɗe, sannan Inna ta ba shi labari a taƙaice. Na sunkuyar da kai ina jiran ramuwar shekaru.

“Almakashi,” ya ce, “ni sau ɗaya na faɗi, ka sa ina faɗuwa kullum. Shi sau ɗaya ya ɗaga, ka sa yana ɗagawa kullum. Kai abu ba zai faru sau ɗaya ka bar shi ba?”

Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza, sai muka gane dariya yake yi. Ita ce dariyarsa ta farko tun da ya kwanta, kuma ni ake yi wa.

Sai da yamma amsar Auta ta zo. Ta ce ta yini tana hawa tana sauka kafin bidiyon ya gama shigowa. Ta ce hutun ya riga ya tafi, ba za ta karɓe shi daga uwar yaro marar lafiya ba, amma ta je ta tsaya a ofishin shugabansu ta kunna masa da sauti, ya ba ta 'yan kwanaki. A ƙarshe ta rubuta: “Ka zo tasha ka ɗauke ni. Zan yi maka magana a mota, ba a gaban Baba ba.”

Ta kuwa cika alkawari. Daga tasha har kwanar gidanmu ta wanke ni tas, direban tasi yana leƙenmu ta madubi yana gyaɗa kai, har da cewa, “Gaskiya ne, ƙanwata.” Da muka sauka na riga ta shiga, wai in sanar, amma gaskiyar magana so nake in sami wuri mai kyau kusa da taga. Na tsaya gefen daman Baba, na ciro waya, na daidaita haske.

Auta ta yi sallama. Inna ta tashi da gudu ta tare ta a bakin ƙofa, matata ta karɓi jaka. Baba ya ga 'yarsa. Na ga kafaɗarsa ta dama tana yunƙuri, yatsun suna motsi a kan cinya, hannun ya ƙi tashi. Ya waiga inda Inna ta saba tsayawa, sai ya tarar da ni, da waya a gaban fuskata. Ya dubi wayar, ya dubi gwiwar hannunsa.

Na ajiye wayar a ƙasa, na sa tafina a ƙarƙashin gwiwar, na ce, “Daure, Baba, na riƙe ka.”

Ashe haka hannun yake da nauyi. Sai da na kawo ɗaya hannun nawa na tallafa, rawar da na zubar a kwamfuta tana ratsa yatsuna har kafaɗa. Muka yi ta tashi a hankali, ni da shi, yana nishi, ba wanda ya ƙara mana gudu. Kafin mu kai ƙirji Auta ta ƙaraso ta durƙusa, ta sa fuskarta a tafin hannunsa tana cewa, “Na zo, Baba, ga ni na zo.” Hannuwana suka fara sagewa, amma ban saki ba, domin in na saki daga fuskarta zai zame.